Cibiyoyin Galaksi Masu Ruruwa: Ina Faffaɗan Layukan Haskensu Suka Shiga?

Gabatarwa

Tarihi ya nuna cewa bayan da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, an kewaye shi da ganuwa, kuma ta ƙofofi ake shiga, irin su Ƙofar Marke da Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya. A wancan zamani, matafiyin da ya iso bayan ganuwa da dare ba ya ganin wutar da aka hura a cikin gari. Iyakar abin da yake gani shi ne hayaƙin da ya tashi, da kuma jan hasken da ya faɗa kan ƙurar da ke bisa ganuwa. Amma da zarar ya zo saitin ƙofa, sai ya hango wutar kanta. Wutar ɗaya ce, inda mai kallo ya tsaya ne ya bambanta.

To, idan kuwa matafiyin ya duba bai ga komai ba fa? Ganuwa ce ta tare masa, ko kuwa ba a hura wuta ba a wannan dare? Irin wannan tambayar ce masana taurari suka shafe fiye da shekara 50 suna fama da ita game da wasu cibiyoyin galaksi waɗanda wata muhimmiyar alama ta ɓace daga haskensu. Wannan darasi zai bayyana mece ce alamar, da dalilan ɓacewarta, da yadda ake rarrabe abin da yake ɓoye da abin da babu shi.

Galaksi da cibiyarsa

Galaksi wani makeken birni ne na taurari, wanda ƙarfin jan nauyi ya ɗaure wuri guda tare da iska da ƙura. Rana ɗaya ce daga cikin taurari fiye da biliyan 100 da ke cikin galaksin da duniya take. Saboda girman tazarar da ke sararin sama, ana auna ta da tafiyar haske. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma abin da yake ci a shekara guda, wato kimanin kilomita tiriliyan 9.46, shi ake kira shekarar haske.

A tsakiyar kusan kowane babban galaksi akwai baƙin rami mai tsananin nauyi. Baƙin rami wuri ne da nauyi ya dunƙule har ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta daga gare shi. Wanda ke tsakiyar galaksin da duniya take yana da nauyin rana sau miliyan 4, yana nesa da kimanin shekarar haske 26,000, kuma a halin yanzu lafawa ya yi, domin abin da yake samu ya haɗiya kaɗan ne. Na galaksin M87, wanda aka fitar da hoton inuwarsa a shekarar 2019, ya kai nauyin rana sau biliyan 6.5.

Idan iska mai yawa ta gangaro wa baƙin rami, ba ta faɗawa kai tsaye. Takan riƙa kewaya shi, ta shimfiɗu kamar faifai, sassanta suna gogar juna har zafi ya kai dubun dubatan digiri. Wannan faifan ne yake fitar da haske, ba ramin ba. Ta wannan hanya kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin abin da ya faɗa yana iya komawa makamashi, alhali kuwa ƙonewar nukiliya da ke cikin rana ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. Shi ya sa wani ɗan wuri da girmansa bai fi na tsarin rana da duniyoyinta ba yake iya dusashe hasken taurarin galaksi baki ɗaya. Irin wannan tsakiyar ita ce za a riƙa kira cibiya mai ruruwa a wannan darasi. Mafi haske daga cikinsu ana kiran su kwezar, kuma Maarten Schmidt ne ya fara gano nisan ɗaya daga cikinsu, mai suna 3C 273, a shekarar 1963.

Yadda ake karanta haske

Babu wanda ya taɓa zuwa waɗannan wurare, saboda haka haske ne kaɗai manzon da ke kawo labarinsu. Idan aka ratsa haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan warwatsu zuwa launuka kamar bakan gizo. Wannan shi ne bakan haske. Kowane launi yana da tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

Kowane sinadari, idan ya yi zafi yana cikin halin iska, yana fitar da haske a wasu keɓaɓɓun launuka nasa, tamkar yadda zanen yatsa ya keɓanta da mai shi. Gishirin da aka barbaɗa a wuta yana ba da ruwan ɗorawa saboda sodiyom, a kan nanomita 589. Haidirojin yana da wani jan layi a kan nanomita 656.3, oksijin da ya rasa ilektiron biyu kuma yana da kore a kan 500.7. Waɗannan su ne layukan haske.

Faɗin layi yana ɗauke da labarin gudu. Duk wanda ya tsaya bakin titi ya ji ɗan kabu-kabu yana danna ham ya san ƙarar takan yi siriri lokacin da babur yake tunkarowa, ta yi kauri bayan ya wuce. Christian Doppler ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1842, kuma tana aiki a kan haske: iskar da ke tunkarowa layinta yakan gusa wajen shuɗi, wadda ke nisanta kuma ya gusa wajen ja. Idan gizagizan iska masu yawa suna kewaya abu guda, wasu na zuwa wasu na tafiya, sai layin ya bazu ta ɓangarorin biyu. Gwargwadon gudunsu, gwargwadon faɗin layin.

A cibiyoyi masu ruruwa ana samun layuka iri biyu. Siraran layuka suna nuna gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Faffaɗan layuka kuwa suna nuna gudun dubbai, wani lokaci har fiye da kilomita 10,000 a daƙiƙa. Abin da ke gudun kilomita 5,000 a daƙiƙa zai kewaye duniya cikin daƙiƙa 8. Irin wannan gudu ba ya samuwa sai dab da baƙin rami, inda ja ya fi ƙarfi, tazarar kwanaki ko makonnin haske daga faifan. Siraran layuka suna fitowa ne daga iskar da ke can nesa, ɗaruruwa zuwa dubban shekarun haske. Akwai ƙarin hujja a kan haka. Koren layin oksijin ba ya fitowa sai a inda iska ta yi shara-shara ƙwarai, domin a cikin cunkoso karon ƙwayoyin zarra yana kashe shi kafin ya fito. Ganin cewa wannan layin siriri yake zuwa, ba ya cikin jerin faffaɗan, an fahimci cewa yankin faffaɗan layuka cunkusasshe ne, kuma dabam yake da yankin siraran.

Aji biyu

A shekarar 1908 Edward Fath, a cibiyar kallon taurari ta Lick da ke Kalifoniya a Amurka, ya ga layuka masu haske a bakan wani abu mai lamba NGC 1068, wanda kuma ake kira M77. A lokacin ba a ma tabbatar da cewa akwai wasu galaksi bayan wanda duniya take ciki ba. A shekarar 1943 Carl Seyfert ya yi nazarin galaksi 6 masu tsakiya mai ƙyalli kamar tauraro, ya nuna cewa layukansu suna da faɗi fiye da kima. Daga nan aka sa wa irinsu sunansa.

A shekarar 1974 Edward Khachikian na ƙasar Armeniya da Daniel Weedman na Amurka suka kasa su gida biyu. Aji na ɗaya yana da faffaɗan layuka da siraran duka, kamar NGC 4151. Aji na biyu yana da siraran kawai, kuma NGC 1068 shi ne babban misalinsa. Daga baya Donald Osterbrock ya ƙara matakai a tsakani, irin su 1.5 da 1.8 da 1.9, gwargwadon raunin faffaɗan layukan. Ƙidayar da aka yi a galaksin da ke kusa ta nuna cewa 'yan aji na biyu sun fi yawa. Tambayar da ta taso ita ce, halittu biyu ne dabam, ko kuwa abu ɗaya ne mai fuska biyu?

Dalili na farko: gammon ƙura

Amsar farko ta zo a shekarar 1985, daga Robert Antonucci da Joseph Miller, waɗanda suka yi amfani da madubin hangen nesa mai faɗin mita 3 na Lick. Dabararsu ta dogara da wata ɗabi'ar haske. Haske igiya ce mai kaɗawa, kuma wanda ya fito kai tsaye daga fitila yana kaɗawa ta kowace fuska. Amma idan ya bugi ƙura ko ilektiron ya karkato, sai kaɗawarsa ta fi rinjaye ta fuska ɗaya. Da na'urar da ta dace ana iya tace wannan karkataccen haske a ware shi daga sauran.

Da suka tace hasken NGC 1068, sai ga faffaɗan layukan haidirojin sun bayyana, masu faɗin kimanin kilomita 7,500 a daƙiƙa, irin na aji na ɗaya sak. Ma'anar wannan a fili take. Yankin faffaɗan layuka yana nan, wani abu ne ya tare shi daga duniya. Hasken da ya fita ta sama da ta ƙasa ya bugi ilektiron da ke can, waɗanda suka zama tamkar madubi suka karkato da ɗan kaɗan daga cikinsa. Wannan shi ne jan hasken da matafiyi yake gani bisa ganuwa.

Abin da ya tare ana siffanta shi da gammo, irin wanda mai tallar ruwa ko itace yake ɗorawa a ka: zobe mai kauri na ƙura da iska, mai rami a tsakiya, wanda faɗinsa ya kai 'yan shekarun haske. Faifan da yankin faffaɗan layuka suna cikin ramin gammon. Wanda ya kalla ta saman ramin zai ga komai, ya ce aji na ɗaya ne. Wanda ya kalla ta gefe zai ga siraran layuka kaɗai, domin yankinsu ya fi gammon girma nesa ba kusa ba, sai ya ce aji na biyu ne. Wannan bayani shi ake kira ra'ayin haɗewa. Antonucci ya tsara shi a wani dogon nazari a shekarar 1993, sannan Megan Urry da Paolo Padovani suka faɗaɗa shi a 1995 ya haɗa da cibiyoyi masu fitar da igiyar rediyo.

Hujjoji sun ci gaba da taruwa. Hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana ratsa ƙura, kuma gwargwadon yadda ya raunana ana gane kaurin abin da ya ratsa. An samu cewa yawancin 'yan aji na biyu suna bayan labule mai kauri. Ƙurar da ta sha haske kuma takan ɗumama ta fitar da hasken infared, wato hasken zafi da ido ba ya gani, an kuma same shi da yawa. Na'urorin ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile sun ɗauki hoton gammon NGC 1068 a shekarar 2016, sannan a 2022 wata na'ura mai suna MATISSE, ita ma a Cile, ta nuna zoben ƙurar da ya rufe baƙin ramin. An kuma gane cewa gammon curi-curi yake kamar gizagizai, ba sumul ba, don haka wani lokaci mai kallo ta gefe yakan dace da kafa.

Dalili na biyu: ƙarancin abinci

Da a ce labarin ya ƙare nan, da an huta. Amma a shekarun 2001 da 2003 Hien Tran ya tace hasken 'yan aji na biyu masu yawa, ya samu cewa kusan rabinsu ba su nuna ɓoyayyun faffaɗan layuka ba. Mai yiwuwa ne wasunsu ba su da madubin da zai karkato da hasken, ko kuwa hasken ya yi rauni har na'ura ta kasa kama shi. Sai dai an sami wasu 'yan kaɗan da suka fi ɗaure kai: eksire ya nuna babu labule a gabansu, ga shi kuma babu faffaɗan layuka. Ƙofa a buɗe, amma ba a ga wutar ba. Waɗannan aka laƙaba wa suna 'yan aji na biyu na haƙiƙa.

Fabrizio Nicastro ya kawo bayani a shekarar 2000. A ganinsa, gizagizan da ke ba da faffaɗan layuka wata guguwa ce da take tashi daga saman faifan. Kowane baƙin rami yana da iyakar hasken da zai iya fitarwa kafin matsin hasken ya kori abincin da ke gangarowa, ana kiranta iyakar Eddington. Idan ci ya yi ƙasa ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin dubu na wannan iyaka, sai tsarin cikin faifan ya sauya, guguwar ta daina tashi, faffaɗan layuka kuma su ɓace. Moshe Elitzur da Luis Ho sun ƙarfafa irin wannan ra'ayi a shekarar 2009. A taƙaice, murhun da itacensa ya ƙare sai garwashi ba ya tayar da harshen wuta.

Galaksin NGC 3147, mai nisan kimanin shekarar haske miliyan 130, ya daɗe ana kafa misali da shi a wannan aji. Amma a shekarar 2019 Stefano Bianchi da abokan aikinsa suka duba shi da madubin Hubble da ke sararin sama, wanda yake iya ware ɗan tsakiyar kaɗai ya bar taurarin da ke kewaye. Sai ga faffaɗan layin haidirojin ya fito, daga iskar da ke gudun fiye da kashi 10 cikin 100 na gudun haske. Ashe layin ya yi faɗi ne ainun, ya kuma yi rauni, har hasken taurarin galaksin ya haɗiye shi a idon madubin da ke ƙasa. Wannan ya zama gargaɗi: kafin a ce babu abu, sai an tabbata cewa na'urar da aka duba da ita tana iya ganinsa in da yana nan. Har yanzu masana suna muhawara a kan yawan 'yan aji na biyu na haƙiƙa.

Dalili na uku: hasken da ya kashe ido

Wasu cibiyoyin suna feso wani siririn tsiri na ƙwayoyi masu gudun da ya kusa na haske, daga saman faifan da ƙasansa. Idan tsirin ya saito duniya, haskensa yakan ninka sau da yawa saboda tsananin gudun, har ya rufe layukan, kamar yadda fitilar babbar mota take hana mutum ganin 'yar aci-bal-bal da ke gefenta.

Babban misali shi ne BL Lacertae. Cuno Hoffmeister na Jamus ya gano shi a shekarar 1929, ya ɗauka tauraro ne mai sauya haske. A 1968 aka gane cewa yana fitar da igiyar rediyo, a 1974 kuma aka auna nisansa ta hanyar hasken galaksin da ke kewaye da shi. An san shi da bakan haske fayau marar layuka, har aka sa wa aji guda sunansa. Duk da haka, a shekarar 1995 an ga faffaɗan layin haidirojin a cikinsa. A yawancin 'yan wannan aji dalilai biyu ne suke haɗuwa: tsirin yana da ƙarfi, faifan kuma ba ya samun abinci sosai, don haka layukan tun asali raunana ne.

Dalili na huɗu: masu sauya kama

In da kusurwar kallo ce kaɗai ke raba aji biyu, da babu cibiyar da za ta sauya aji a tsawon rayuwar ɗan Adam, domin gammo ba ya juyawa cikin 'yan shekaru. Amma an ga masu sauyawa. Markarian 1018 ya tashi daga aji 1.9 zuwa aji na ɗaya a farkon shekarun 1980, ya kuma koma 1.9 wajen shekarar 2015. Markarian 590 ya kasance cikakken ɗan aji na ɗaya, amma nazarin da aka buga a 2014 ya nuna haskensa ya ragu kimanin sau 100, faffaɗan layukansa kuma sun kusa ɓacewa sarai. A 2015 Stephanie LaMassa da abokan aikinta suka ba da rahoton kwezar na farko da aka ga ya yi irin wannan sauyi, tsakanin 2000 da 2010. Akwai kuma 1ES 1927+654, wanda ake lissafawa cikin 'yan aji na biyu na haƙiƙa, sai ya yi wata irin ruruwa a shekarar 2018, bayan 'yan watanni faffaɗan layuka suka bayyana.

Ta yaya ake gane ko gajimaren ƙura ne ya gitta, ko kuwa wutar ce ta lafa? Idan ƙura ce, eksire zai nuna ƙarin labule, hasken infared kuma ba zai sauya ba, tunda wutar tana nan tana ɗumama gammon. Idan wutar ce ta lafa, infared ma zai ragu daga baya. A yawancin waɗanda aka bincika, bayani na biyu ne ya fi dacewa. Abin da ya rage shi ne a gano yadda faifan yake sauyawa cikin 'yan shekaru, alhali lissafin da aka saba da shi yana cewa sai dubban shekaru.

Muhimmancin lamarin

Faffaɗan layuka su ne sikelin da ake auna baƙin rami da shi. Idan faifan ya ƙara haske yau, layukan sukan amsa bayan wasu kwanaki, kuma wannan jinkiri shi ne lokacin da haske ya ɗauka kafin ya isa gizagizan. Da an san nisa, an kuma san gudu daga faɗin layi, sai a lissafa nauyi da ƙa'idar Newton: nauyi daidai yake da gudu sau gudu sau nisa, a raba da lambar jan nauyi G. Cibiyar da ba ta da waɗannan layuka tilas a nemo mata wani sikelin.

Bayan haka, idan ba a ƙidaya ɓoyayyun cibiyoyi ba, lissafin yadda baƙaƙen ramuka suka girma a tarihin sararin sama zai fito da giɓi babba. Ɓoyayyun ma suna da nasu sirrin. A watan Nuwamba na 2022 na'urar IceCube, wadda aka binne cikin ƙanƙarar ƙuryar kudancin duniya, ta ba da rahoton kimanin ƙwayoyin niyutirino 79 daga wajen NGC 1068. Waɗannan ƙwayoyi suna ratsa kowane irin labule, don haka suna kawo labari daga inda haske ya kasa fitowa.

Daga sararin Sakkwato

Duban sama ba baƙon abu ba ne a wannan birni. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a shekarar 1824, ya rubuta cewa da ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, ya tarar Sarkin ya san buruji duka, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. A zamanin baya-bayan nan, Samuel Okoye ya sami digirin digirgir a ilmin taurari na rediyo a Jami'ar Kambirij a shekarar 1965, ya dawo ya kafa wannan fanni a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda masana suka daɗe suna buga bincike a kan ra'ayin haɗewa.

Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, NGC 1068 kuma yana kusan daidai saman wannan layi. Saboda haka, ga wanda ya tsaya a fili a wajen Ƙofar Marke, galaksin yakan hau har digiri 77 ta fuskar kudu. A tsakiyar watan Disamba yana kai wannan matsayi wajen ƙarfe tara da rabi na dare. Yana cikin rukunin taurarin da ake kira Setus, wato Babban Kifi, kudu da Kaza da 'Ya'yanta, ɗan yamma kaɗan. Markarian 590 da Markarian 1018 ma a wannan rukuni suke. Ido ba ya ganinsa, sai da ƙaramin madubin hangen nesa, inda yake bayyana kamar ɗigon hazo mai ƙyallin tsakiya. Hasken ya baro can kimanin shekara miliyan 47 da suka wuce. Sai dai wannan lokaci na hunturu ne, don haka a zaɓi daren da hazo ya lafa kuma babu farin wata, a kuma nisanci fitilun gari.

Aikin aji

Malami zai iya nuna ra'ayin haɗewa da tocila da gammo da ƙurar alli. A ɗora ƙaramar tocila cikin ramin gammo mai kauri a kan tebur a ɗaki mai duhu. Ɗalibin da ya leƙa ta sama zai ga ƙwan, wanda ya durƙusa ya duba ta gefe ba zai gani ba. Sai a kaɗa tsumman goge allo bisa gammon, na gefen zai ga hasken a jikin ƙurar. Daga nan a kashe tocilar, a tambayi na gefen yadda zai rarrabe ɓoyayyiyar fitila da matacciya. Bayan faifan CD kuma yana warwatsa haske zuwa launuka, ana iya gwada shi da fitilu iri-iri.

Kammalawa

An ga hanyoyi huɗu da faffaɗan layuka kan ɓace: gammon ƙura ya tare su, ko ƙarancin abinci ya hana su samuwa, ko hasken tsiri ya rufe su, ko kuwa cibiyar ta lafa na wani lokaci. Akwai kuma ta biyar, wadda NGC 3147 ya koyar, wato gazawar na'urar mai dubawa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da gwajin da ake tabbatar da shi: karkataccen haske, eksire, infared, madubi mai kaifi, da kuma maimaita kallo shekara da shekaru. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma aikin mai binciken kimiyya shi ne ya ƙi yanke hukunci a kan abin da bai gani ba har sai ya gwada duk hanyoyin da abin zai iya ɓuya.

Tambayoyi

1. Me ya sa gammon ƙura yake iya ɓoye faffaɗan layuka amma ba ya iya ɓoye siraran?

2. Faɗin layi daidai yake da tsawon zangonsa sau gudu, a raba da gudun haske. A lissafa faɗin layin haidirojin na nanomita 656.3 idan gudun ya kai kilomita 500 a daƙiƙa, sannan idan ya kai 5,000. Amsa: kimanin nanomita 1.1 da 10.9.

3. Gizagizai suna gudun kilomita 5,000 a daƙiƙa, a nisan kwana 10 na haske daga baƙin rami. A mayar da komai zuwa mita da daƙiƙa, a ɗauki G a matsayin 6.67 × 10⁻¹¹, nauyin rana kuma kilogiram 2 × 10³⁰. Nawa ne nauyin ramin? Amsa: kusan nauyin rana sau miliyan 49.

4. Faffaɗan layukan wata cibiya sun ɓace cikin shekara 5, eksire bai nuna ƙarin labule ba, infared kuma ya ragu. Wane dalili ne ya fi dacewa, kuma me ya sa?